Hanyar Fatake da Takobin Sarki

Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, ba kuwa wanda ya fi falke sanin gaskiyar wannan magana. Mu mutanen Illela a bakin iyaka mu ke, ga Birnin Ƙonni nan kusa a ƙasar Nijar, abincinmu kuwa ga hanya ya ke. In hanya ta buɗe, kasuwa ta cika da shanu da raƙuma da albasa da hatsi. In an rufe ta, kamar yadda aka yi daga Agusta 2019 har Disamba 2020, aka kuma sāke yi a 2023 bayan juyin mulki a Nijar, sai dillali da ɗan dako da mai sayar da fura duk su koma gida hannu Rabbana. Saboda haka tambayar da za mu duba ta shafe mu ƙwarai. Ga ta: in sarki ya ci ƙasashe da takobi, sa'an nan ya tsare hanya har fatake suka yi arziki, ashe ribar fatake ta wanke jinin da ya zubar?

Bari mu soma da nesa. A shekarar 1206 makiyayan Mongol, can arewa da ƙasar Sin, suka naɗa Jangis Khan sarkinsu. Shi da 'ya'yansa da jikokinsa suka yi ta cin ƙasashe, har mulkinsu ya kama tun daga Sin zuwa Farisa da Rasha. Suka kafa zango-zango a kan manyan hanyoyi, kowane zango da dawaki da abinci domin manzanni. Wanda sarki ya ba shi wani ɗan allo na zinariya ko na azurfa, duk inda ya nuna shi sai a ba shi masauki da rakiya. Siliki da kayan yaji suka riƙa zuwa yamma, azurfa tana zuwa gabas. Ta wannan hanya Marko Polo, mutumin Italiya, ya tashi a 1271 ya kai fadar Kublai Khan, bai komo gida ba sai 1295. Wani malamin Kirista kuma, Rabban Sauma, ya taso daga Sin har ya kai birnin Rum a 1287. Wannan alheri ne, kada mu yi musunsa.

Amma da me aka share wannan hanya? A 1218 hakimin garin Otrar ya kashe wani ayari na Jangis Khan. Ramuwar ta faɗa wa waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Aka ci Bukhara da Samarkand a 1220, aka hallaka mutanen Marw da Nishapur a 1221. A 1258 jikansa Hulagu ya ci Bagadaza, ya kashe halifa tare da jama'a mai yawan gaske. Bayan ƙura ta lafa kuma, ba siliki kaɗai ya bi hanyar ba. A Kaffa, bakin Baƙar Teku, ana sayar da bayi ana loda su cikin jirage zuwa Masar da Italiya. Daga wannan gari kuma annoba ta shiga jirage, ta kai Turai a 1347, ta kashe wajen sulusin mutanenta. Mulkin ma bai daɗe ba: ya wargaje a Farisa bayan 1335, aka kore su daga Sin a 1368.

Yanzu mu komo gida. Bayan jihadin 1804, Daular Sakkwato ta haɗa garuruwan Hausa da dā su kan yi ta yaƙi da juna. Madugu ya kan ja ayarin jakuna daga Kano har Gwanja, ya kai kanwa da tufafi, ya komo da goro. Bature Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana kai tufafin Kano har Tambutu da Tarabulus. Amma a kasuwannin nan ana sayar da mutane, rinjoji kuma cike su ke da bayin da aka kamo a yaƙi. Turawa suka zo suna cewa su ne masu kawo salama. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa, ƙarƙashin Voulet da Chanoine, ta auka wa Birnin Ƙonni ta karkashe mutane, har da mata da yara. Ingilishi suka ci Sakkwato a 1903, suka shafe garin Satiru a 1906. Gaskiya ne sun hana harin bayi, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Su ne kuma suka zauna a Turai suka ja layi tsakaninmu da danginmu. Bisa yarjejeniyar 1898 Ƙonni tana gefen Ingilishi, a 1906 aka sāke layin aka bar wa Faransa, domin ta sami hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Ba a tambayi ko mutum ɗaya na Ƙonni ba.

Masu karatu sun san irin wannan tun daga Littafi Mai Tsarki. Manzo Bulus ya yi tafiye-tafiyensa a kan hanyoyin da Romawa suka tsare, ya kuma ci moriyar shari'arsu. Sojan wannan mulki kuwa su suka gicciye Ubangijinmu, su suka rushe Urushalima a shekara ta 70.

To, mene ne hukunci? Waɗansu sun ce a auna: a sa matattu a gefe ɗaya na ma'auni, a sa riba a ɗaya gefen, in riba ta rinjaya shi ke nan. Ba mu yarda ba. Gama wanda ya biya dabam, wanda ya ci dabam. Manomin Marw bai sa siliki ba, yarinyar da aka sayar a kasuwa ba ta ci ribar goro ba. Bashin rai ba ya biyuwa da ribar wani. Allah ya kan fitar da alheri daga mugun aikin mutum, amma wannan bai mai da mugun aikin ya zama nagari ba. Waɗansu kuma sun ce tun da tushen jini ne, kada a yaba kome. Su ma sun wuce gona da iri, gama wanda ya taɓa kwana a daji don tsoron 'yan fashi ya san hukuma mai tsare hanya baiwa ce. Mu gode domin hanya, mu yi wa masu mulki addu'a, amma kada mu yi wa takobi kirari. Duk sa'ad da aka ce mana ƙasa ta zauna lafiya, mu tambaya: lafiyar wa? Wane ne ke tafiya bisa hanyar nan da ƙafarsa, wane ne kuma a ke kora kamar kaya?

Akwai abu guda kuma da sarakuna ba su iya ƙerawa da takobi, watau amana. Falke ya kan sauka gidan fatoma a garin da ba shi da dangi, ya bar kayansa da kuɗinsa, ya komo ya same su cif. Dillali ya kan ba da shanu bashi bisa magana kawai. Mulkin Ingilishi da na Faransa sun shuɗe a 1960, cinikin Illela da Ƙonni kuwa bai mutu ba, domin wannan amana ce ginshiƙinsa.

Ya ku 'yan'uwa, ba mu da rundunar tsare hanya, amma muna da mudu da ma'auni da ɗakin baƙi. Mu cika mudu, mu biya bashi a ranarsa, mu karɓi baƙo daga tsallaken iyaka ba tare da mun tambayi addininsa ba. Irin wannan salama ba a zubar da jinin kowa kafin a same ta.