Ciyawar da Ke Kan Kabarin Kaka

A watan jiya 'yar ƙanena ta roƙe ni in raka ta wani shagon kwamfuta a Titin Bauchi, kusa da ƙofar Jami'ar Jos, inda ɗalibai ke buga takardunsu. Shekara goma ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, iyali kuma sun yi shawara a haɗa kundin tunawa da ita, a aika wa jikoki ta waya, a buga kaɗan domin tsofaffi. An gama shafin aurenta, da na zumuntar mata, da na ranar da ta cika shekara saba'in. Shafi ɗaya ne ya gagara, wato mai ɗauke da hoton kabarinta.

Da damina aka ɗauki hoton. Ciyawa ta rufe rabin kabarin, siminti ya tsage, rubutun sunanta ya dushe. Daga hagu kuma ga wani kabari, tudun jar ƙasa da allon ƙarfe mai tsatsa, sunan mai shi yana karantuwa sarai.

Saurayin da ke aikin ya ce, "Baba, wannan ba matsala ba ce. Yanzu zan share ciyawar, in toshe tsagewar, in dasa furanni, in sa farar kurciya a sama. Wancan kabarin ma zan cire shi." Kafin in ce uffan ya gama. Gaskiya shafin ya yi kyau ƙwarai. Yarinyar ta dube ni da hawaye ta ce, "Baba, dubi yadda Kaka ta sami wuri mai kyau." Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya. Na roƙe su su dakata, mu kwana a kan maganar.

Tambayar da na koma gida da ita, ita ce nake so mu duba tare: ina iyakar gyara, ina kuma mafarin ƙarya?

Bari in fara da hujjar yarinyar, gama tana da ƙarfi. Muna wanke gawa, mu sa mata tufa mai tsabta, mu zaɓi hoto mafi kyau domin takardar shirin jana'iza. Ba wanda ya taɓa kiran wannan yaudara. Yusufu na Arimatiya ya nannaɗe jikin Ubangiji da lilin mai tsabta, ya sa shi a sabon kabari, mata kuma suka yi sammako da kayan ƙanshi. Ƙauna takan yi wa matattunta ado, Littafi Mai Tsarki bai tsawata mata ba. Idan haka ne, mene ne laifin furen kwamfuta?

Amsa ta farko tana cikin aikin da hoto yake yi. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wanda ya ga gawa cikin farar riga ya san an yi mata sutura, amma wanda ya ga hoto yakan ɗauka haka wurin yake. Hoto shaida ne. Jikan da aka haifa a Legas ko Ingila, wanda bai taɓa taka makabartar ba, zai gaskata abin da muka nuna masa. Ranar da ya girma ya zo neman kabarin kakarsa, zai nemi furanni da koren fili, ya wuce ta wurin yana dube-dube. Dutsen da ke baya, da itacen da ke gefe, da kabarin maƙwabci, su ne alamun da za su kai shi, mu kuwa mun share su domin ado. Sa'ad da Ibrahim ya sayi kogon Makfela domin ya binne Saratu, ya biya shekel 400 na azurfa a gaban shaidu, Farawa sura 23 kuma ta ambaci filin da kogon har da itatuwan da ke wurin. Yakubu ma ya kafa al'amudi a kan kabarin Rahila. Kakannin bangaskiya sun kula a san wurin, a kuma iya komawa gare shi.

Tarihin ikkilisiya a ƙasarmu yana koya mana haka. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a watan Disamba na 1893. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Mun san wannan domin wani ya rubuta suna da wuri da shekara. Duk wanda ya ziyarci makabartar mishan a Miango zai shaida cewa abin da ke taɓa zuciya a wurin shi ne sunaye da shekaru, musamman na yara ƙanana.

Amsa ta biyu ta fi zafi. Ciyawar nan tana ba da shaida a kanmu. Ta nuna cewa 'ya'yan da matar nan ta goya sun daɗe ba su zo ba. Abin da na ji a shagon, kunya ce. Kwamfuta ta miƙa mini hanyar kawar da kunyar ba tare da na yi gumi ba: kabarin zai ci gaba da lalacewa, mu kuwa mu riƙa kallon hoto muna yabon kanmu. Ubangiji ya yi wa Farisiyawa kashedi da misalin kaburburan da aka shafa wa farar ƙasa, a Matiyu sura 23. Farar ƙasar zamaninmu ba ta bukatar bokiti. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Amsa ta uku ta shafi maƙwabci. Wanda ke kwance a hagun mahaifiyata yana da nasa dangi. Idan na baza sunansa a waya, na yi abin da ba su ba ni izini ba. Idan na shafe shi na dasa fure a gurbinsa, na ce ke nan ba a taɓa binne kowa a wurin ba. Hanyar da na ga ta dace ita ce a dusar da sunan, a bar kabarin a inda yake.

Mu mazauna Jos bai kamata mu ɗauki wannan da wasa ba. Mun ga Satumbar 2001, da Nuwambar 2008. Mun ga abin da ya faru a Kuru Karama a Janairun 2010, da Dogo Nahawa a Maris na shekarar. A Titin Bauchin nan bam ya tashi a Yulin 2015. Kirista da Musulmi duk sun haƙa kaburbura, wayoyinmu kuma cike suke da hotuna. Hoton kabari ɗaya yana iya ta'azantar da gwauruwa, yana kuma iya tura saurayi neman fansa, ya danganta da abin da aka ƙara masa da abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Mai shirya irin wannan shafi yana riƙe da wuta a hannu.

To, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akwai gyaran da ba shi da aibi. A ƙara haske domin rubutu ya fito. A daidaita hoton da ya karkace. A bar fili kewaye da shi domin ido ya huta, kada a cika shafi da launuka kamar tallan biki. A rubuta cikakken suna, da shekarar haihuwa da ta rasuwa, da sunan makabarta, da ranar da aka ɗauki hoton. Mai son furanni ya sa su a gefen shafi, inda kowa zai gane ado ne. Ma'aunin shi ne: duk abin da ke taimakon mai kallo ya ga abin da ke wurin, gyara ne, duk abin da ke sa shi ya ga abin da babu, shaidar zur ce, ko da ƙauna ce ta haife ta.

Ranar Asabar da ta biyo baya muka tafi makabarta mu shida, da fartanya da buhun siminti da gwangwanin fenti. Muka yi aiki har rana ta take. Yarinyar ce da kanta ta sake rubuta sunan kakarta, sa'an nan ta ɗauki sabon hoto. Da muka koma shagon ta ce wa saurayin, "Yayana, sa duka biyun, tsohon da sabon, kowanne da kwanan watansa." Na ce mata tsohon zai kunyata mu. Ta ce, "Baba, ai shi ne ya kai mu can."

'Yan'uwa, kalmar da Kirista na farko suka kira makabarta da ita a harshen Girka tana nufin wurin barci. Wanda yake da begen tashin matattu ba ya bukatar ɓoye tsagewar siminti. Kafin iyalinku su gyara hoton kabarin wani nasu, ku tambayi juna yaushe rabonku da zuwa wurin. Allah ya ba mu ganewa, amin.