Kirsimati Ba Hayaniya

Karatu: Luka 2:1-24

Ɗan'uwa, wataƙila bana ba ka da kuɗin mota zuwa garinku, ba ɗinkin sababbin kaya, ba akuyar yanka. Kai da iyalinka kaɗai za ku yi Kirsimati a gida. Shin wannan abin kunya ne?

Dubi gidan da aka haifi Yesu. Ƙidayar Kaisar Augustas ce ta kai Yusufu da Maryamu Baitalami, ba biki ba. Ba su sami masauki ba, sai a komin dabbobi aka kwantar da jaririn. Bayan kwana 40, da suka je Haikali a Urushalima, tsuntsaye biyu suka miƙa. Bisa ga Littafin Firistoci sura 12, wannan ita ce hadayar macen da ba ta da halin ɗan rago. Allah bai ji kunyar gidan talaka ba.

Saboda haka kada ka ci bashi don gudun bakin mutane. Shinkafar rana ɗaya takan ƙare, mai bin bashi kuwa yana nan tafe a watan Janairu.

Bayan sujada, ka tara iyalinka, ku karanta labarin haihuwar nan, ku yi waƙa tare. In akwai masu gaba da juna a gidan, su shirya kafin a sa hannu a akushi. Ɗan abin da aka dafa kuma, a zuba wa maƙwabci, Kirista ne ko Musulmi.

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu wadar zuci, ka sauko da salamarka cikin gidanmu. Cikin sunan Yesu. Amin.