Ɗana, Kafin Ka Kira Abokanka 'Yan Italiya Cin Abinci

Ɗana, kai da karatu ko neman abinci ya kai ka Italiya, ko ba daɗe ko ba jima ranar za ta zo da za ka ce wa abokanka 'yan ƙasar su zo gidanka cin abincin dare. Sun ciyar da kai, dole ka rama alheri. Za ka dafa taliya da miyar tumatir irin tasu, ka gasa nama ko kifi, sannan ka tsaya kana tunanin abin da za ka ajiye kusa da faranti, domin ka san a wurinsu teburin da babu giyar inabi kamar bai cika ba. A nan yara da yawa ke zamewa. Wani kunya ta sa ya sayo kwalba ya ce ai baƙi ne za su sha. Wani kuma ya jero lemon kwalba mai zaƙi ya ɓata girkin da ya wahala a kansa. Ba na son ka zama ko ɗaya daga cikinsu.

Maganar giya a wurinmu a rufe take, Suratul Ma'ida ta yanke hukunci, kuma haramcin ya haɗa da saye da miƙa wa wani. Gidanka ne, kai ke da iko da abin da zai shiga cikinsa. Amma ƙin shan abu bai hana ka fahimci dalilin da ya sa mutanen suke yin abin da suke yi ba.

Italiya tana cikin ƙasashe uku da suka fi kowa yin giyar inabi a duniya, ita da Faransa da Sifaniya, kuma kowane yanki da irin tasa. Mutanen Tuskani suna haɗa Chianti, wadda ake yi da inabin Sangiovese, da abinci mai tumatir da gasasshen nama. Mutanen Piyemonte suna ajiye Barolo don nama mai nauyi. Kifi kuwa farar giya suke ba shi, mai sanyi. Idan ka dubi waɗannan haɗe-haɗe da kyau, ilimin da ke ciki ɗan kaɗan ne: tumatir yana da tsami, saboda haka abin shan da zai bi shi sai ya kasance da tsamin da ya kai nasa, in ba haka ba ya zama lami a baki. Nama mai kitse yana barin maiƙo a harshe, abu mai bauri ne ke wanke shi. Kifi ɗanɗanonsa ba ƙarfi, abin sha mai nauyi danne shi zai yi. Shi ke nan. Tsami, bauri, sanyi, rashin zaƙi. Duk cikin waɗannan babu wanda sai da barasa ake samunsa.

Ka fara da zoɓo. Kada ka ɗauka baƙon abu ne a wurinsu. Suna kiransa karkadè, ana sayar da shi a manyan kantuna, kuma ya yaɗu a ƙasar tun bayan 1935, lokacin da aka ƙaƙaba wa Italiya takunkumi saboda mamayar Habasha, shayi ya yi wuya, aka koma kan zoɓon da ake kawowa daga Eritiriya. Amma ka saurare ni a nan: zoɓon biki da aka cika wa sukari da abarba da kayan ƙamshi ba shi ake nufi ba. Jiƙa shi a ruwan zafi, ka bar shi ya yi ja sosai, ka tace, ka sa ɗan sukari kaɗan wanda zai rage kaifinsa kawai, kanumfari ƙwaya biyu ko uku sun isa. Ka sanyaya shi ka zuba a kofin gilashi. Idan baƙonka ya kai lomar taliya mai tumatir da tafarnuwa da man zaitun, ya bi ta da kurɓi ɗaya, zai ji bakinsa ya washe, ya sake miƙa cokali. Aikin da ake nema ke nan daga abin sha.

Ga nama, ruwan rumman mara sukari yana da baurin da ake so. Ga kifi, ruwa mai gas da matsattsen lemon tsami da ganyen na'a-na'a. Ruwa kuwa kada ya yanke a teburin, mai gas da mara gas, domin haka suka saba. Kafin a zauna kana iya ba su Crodino ko Sanbittèr ko chinotto, duk nasu ne, masu ɗan ɗaci, babu barasa a ciki. Bayan an gama, gahawa baƙa a ƙaramin kofi, ba madara. Kwalaben da ake rubuta wa an cire barasa kuwa, ka karanta jikinsu da kyau, domin dokar Tarayyar Turai ta yarda a kira giya haka ko da saura rabin kashi ɗaya cikin ɗari a cikinta. Ni dai shawarata ka bar su gaba ɗaya.

Inda na fi jin tsoro gare ka shi ne cikin tukunya. Girkinsu da yawa giya na ɓoye a ciki. Shinkafarsu ta risotto ana zuba mata farar giya tun a farkon dahuwa. Miyar naman Bolonya ta asali tana da giya da naman alade. Carbonara da kuncin alade ake yin ta. Tiramisu sau da yawa akwai Marsala a ciki, wasu burodi da kayan zaƙi kuma da kitsen alade ake kwaɓa su. Kada wani ya ce maka wuta tana ƙone barasar duka, wani abu yana saura. Idan kai ne mai girki, ruwan lemon tsami da romon nama sun ishe ka a madadin giya, naman kuma ka sayo a mahautar halal, akwai su a Roma da Milan da Turin da sauran manyan garuruwa.

Sai maganar faɗa musu. Al'adarsu ce baƙo ya zo da kwalba a hannu, kuma da kyakkyawar niyya yake yi. Idan ka yi shiru har ya tsaya a ƙofarka da ita, ka jefa shi ka jefa kanka cikin kunya. Tun ranar gayyata ka faɗa, da sakin fuska: ni Musulmi ne, ba a shan giya a gidana, in kana son zuwa da wani abu ka kawo 'ya'yan itace. Kada ka yi wa'azi a kan tebur, kada ka ɓata fuska, kada kuma ka yi ta ba da haƙuri kamar wanda ya yi laifi. A cikinsu ma akwai waɗanda ba sa sha, ba sabon abu ba ne. Mutane ne masu girmama wanda ya ɗauki abinci da muhimmanci, kuma za su lura da wahalar da ka sha wajen zaɓen abin da ya dace da kowane kwano.

Kuma kada ka gaggauta su. Suna cin abinci daki-daki, ɗan abin buɗe baki, sai taliya, sai nama da ganye, sai kayan zaƙi, ana hira awa biyu ko fiye. Ka yi sallarka kafin su iso, ka ajiye waya, ka zauna da su har ƙarshe. Allah ya yi maka albarka, ya tsare maka addininka a ƙasar mutane.