Dokar da aka kafa bayan an shiga fili

A watan Janairu na 2007, bikin fina-finai na Slamdance, wanda ake yi a lokacin a garin Park City na jihar Utah ta Amurka, ya shirya gasar masu ƙirƙirar wasannin kwamfuta. Alƙalai sun duba ayyukan da aka aiko, sun tace, sun fitar da waɗanda za su kai zagayen ƙarshe. Cikinsu akwai wani wasa mai suna Super Columbine Massacre RPG!, wanda Danny Ledonne ya fitar a 2005. Wasan yana sa mai buga shi a matsayin ɗaliban nan biyu da suka buɗe wuta a makarantar sakandare ta Columbine, ranar 20 ga Afrilu 1999, suka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya. Ana dab da buɗe bikin sai shugabansa, Peter Baxter, ya cire wasan daga gasar, ya ce shawarar tasa ce, kuma zuciyarsa ce ba ta aminta da nuna shi ba.

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji zai fahimci ƙyamar Baxter. Iyayen waɗanda aka kashe suna raye, ciwonsu bai warke ba, kuma maida ranar makokinsu abin wasa ba ƙaramin al'amari ba ne, ko da mai wasan ya ce nufinsa shi ne ya sa mutane su yi tunani a kan abin da ya faru. Babu kuma wata takardar ƙa'idoji da za ta hango duk abin da ɗan Adam zai iya ƙirƙirowa. Saboda haka ba a rasa masu cewa shugaba yana da haƙƙin taka burki inda doka ta yi shiru.

Sai dai matsalar tana wani wuri. Wasan bai karya wata ƙa'ida da aka shelanta ba. An karɓe shi ana sane da abin da ya ƙunsa, alƙalan da bikin ya naɗa da kansa sun zaɓe shi, an kuma bayyana sunansa ga duniya. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya kira gasa ya ɗauki alkawari ga duk wanda ya amsa kiran cewa ma'aunin da aka nuna masa a bakin ƙofa shi za a auna shi da shi a ciki. Ran da aka sauya ma'aunin saboda mutum ɗaya, sauran ma ba su da tabbacin komai, domin sun gane cewa zamansu a jerin ya rataya ne a kan ra'ayin shugaba, ba a kan hukuncin alƙalai ba.

Abin da wasu abokan takarar suka gani ke nan. Jonathan Blow ya janye wasansa Braid, masu wasan flOw su ma suka janye, wasu suka bi bayansu. Abin lura shi ne Blow bai ɓoye cewa yana ganin wasan na Ledonne ba shi da tausayi ba. Ya ƙi abin, amma ya ƙi yarda a kore shi ta wannan hanya, kuma ya biya da damarsa ta samun lambar yabo. Irin wannan adalcin, na tsaya wa wanda ba a ƙauna, shi ne mai tsada. Wani abin mamaki ma, Slamdance ɗin kanta masu fim ɗin da bikin Sundance ya ƙi karɓar ayyukansu ne suka kafa ta a 1995.

Gasar Ludum Dare, da aka fara a 2002, ta bi wata hanya dabam. A sashenta mai tsanani, mutum ɗaya ne zai gina wasa cikin awa 48, a kan jigon da ba a bayyana sai lokacin farawa. Zane da sauti duk a cikin wa'adin za a yi su, kuma dole ya buɗe rubutun manhajarsa kowa ya gani. Ba mai tsaye a kansa cikin ɗakinsa da tsakar dare. Mai son maguɗi zai iya, amma ba kuɗin da za a ci, kuma ƴan takarar ne ke auna ayyukan junansu, don haka abin da mai ha'inci zai sata bai wuce yabon mutanen da ya yaudara ba. Da aka ga akwai masu son aiki a ƙungiya ko masu bukatar ƙarin lokaci, ba a riƙa ɗaga wa wannan ƙafa ana hana wancan ba: a 2010 an buɗe sashe na biyu mai awa 72 da ƙa'idoji masu sauƙi, kowa ya zaɓi inda zai shiga tun kafin a fara. Tun ran gini, tun ran zane.

Da Baxter ya rubuta tun farko cewa shugaba na iya ƙin duk aikin da ya shafi kisan gilla na gaske, da Ledonne ya san matsayinsa, da ba wanda aka ci amanarsa. Da kuma ya bar wasan a jerin, ya fito fili ya ce shi bai yarda da shi ba, da ya sauke nauyin da ke zuciyarsa ba tare da ya tozarta alƙalansa ba. Hanyar da ya bi ta jawo wa wasan da yake ƙyama suna fiye da dā, ta kuma faɗa kan matasan da suka yi watanni suna aiki ba su yi laifin komai ba. A ranar da aka tsayar don raba lambobin yabo, bayan tattaunawa da ƴan takarar da suka rage, an tashi ba a ba kowa komai ba.