Ruwan Gulbi da Ruwan Rijiya

Wata shekara bayan girbi aka yi babban taron falkaswa a wani gari kusa da mu. Kwana uku ana wa'azi, ana waƙoƙi, mata suna guɗa. Wani saurayi na ikkilisiyarmu ya je. Da ya komo ya ce a daren ƙarshe ya yi ta kuka, har ya ji kamar Yesu ya dafa kafaɗarsa. Muka yi murna tare da shi.

Ba a yi wata biyu ba sai ga shi a zaurena da almuru. Ya gaishe ni, ya zauna, ya daɗe yana zanen ƙasa da tsinke. Can ya ce, "Baba, ina ji Allah ya bar ni." Na ce, "Ɗana, akwai zunubin da kake ɓoyewa ne?" Ya ce bai san da shi ba. Yana addu'a, amma kamar da bango yake magana. In ya buɗe Littafi sai barci. Har ya fara tunanin bin duk inda aka ce ana taro, ko ya sāke jin abin da ya ji.

Ya ɗan'uwana mai karatu, watakila kai ma ka taɓa zama inda ya zauna. To, da daɗin da zuciya take ji ake auna kusantar mutum da Allah?

Ka dubi Gulbin Maraɗi. Da damina yakan taho daga wajen Katsina cike da baki, yara su fito kallo. Kafin rani ya yi nisa sai yashi. Ba mai cewa ruwan nan ƙarya ne, gama wanda ya nutse ƙasa shi ne ake tararwa a rijiyoyin fadama. Amma tuwon gida da ruwan rijiya ake tuƙa shi, guga guga, kowace safiya. Taro kamar gulbi yake. Mu gode wa Allah dominsa. Gidan da ya ce ba zai sha ba sai gulbi ya kawo, ƙishirwa za ta kashe shi.

Na buɗe wa saurayin 1 Sarakuna sura 18 da 19. A Dutsen Karmel annabi Iliya ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450, ya yi addu'a, wuta ta sauko, daga baya ruwan sama ya zo bayan dogon fari. Wane taro ne ya kai wannan? Duk da haka, da Yezebel ta aika masa da saƙon kisa, sai ya gudu jeji, ya zauna ƙarƙashin wani ɗan itace, ya roƙi mutuwa. Ka lura da abin da Allah ya yi masa. Bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da waina da tulun ruwa har sau biyu. A Horeb iska mai ƙarfi ta wuce, da girgizar ƙasa, da wuta, amma ba a cikinsu Ubangiji ya sadu da shi ba, sai cikin murya marar ƙarfi. Daga nan ya ba shi aiki ya ce ya koma. Wanda zai gāje shi ma, wato Elisha, a gona ya same shi yana huɗa da shanu. Ashe Allah yana tare da Iliya a ƙarƙashin itacen nan daidai kamar a Karmel. Abin da ya sāke shi ne jin Iliya.

Haka Bitrus ya so ya kafa bukkoki a kan dutsen da ya ga ɗaukakar Yesu, amma Yesu ya sauko da su, a ƙasa kuwa wani uba yana jira da ɗansa marar lafiya (Markus 9). Anuhu ya yi tafiya tare da Allah shekara 300, abin da aka faɗa mana a kan shekarun nan kuwa shi ne ya haifi 'ya'ya mata da maza (Farawa 5). Wato mai gida ne kamarka, da bakunan ciyarwa.

Wani zai ce, "Malam, ai kana shimfiɗa wa masu sanyin zuciya tabarma ke nan." Maganar tana da nauyi, gama Ubangiji ya tsauta wa ikkilisiyar Lawudikiya saboda tsaka-tsakinta. Amma mutanen Lawudikiya ba su san suna da rashi ba, cewa suke sun wadata. Saurayin nan kuwa rashin ne ya hana shi barci. Gawa ba ta jin ƙishirwa. Wanda nake ji wa tsoro shi ne wanda ya daina addu'a bai kuwa damu ba, ko wanda ya fi kowa tsalle a taro, gobe a kasuwa mudunsa biyu, na saye dabam na sayarwa dabam. In kuwa akwai zunubi a ɓoye, ko ɗan'uwan da kuka yi shekara ba ku gaisa ba, kada ka ce fari ne kawai. Je ka gyara tukuna.

A yunwar 1984 ina yaro a makarantar mishan. Uwata ba ta iya karatu ba. Kowace safiya takan ajiye mana ɗan kunu a ƙwarya, kunun da ana ganin gindin ƙwaryar ta cikinsa, ta sa mu rufe ido, ta yi godiya. Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske a watannin nan ba. Da na girma na tambaye ta ko tana jin Allah kusa a lokacin. Ta ce, "Ban ji kome ba sai yunwa. Amma ina zan kai ku in ba wurinsa ba?" Sai daga baya na ga Zabura 88, addu'ar da ta ƙare cikin duhu ba tare da wata ta'aziyya ba, Allah kuwa ya yarda aka sa ta cikin Littafinsa.

Na ce wa saurayin ya bar neman abin da ya ji, ya nemi Wanda ya ba shi. Ya karanta aya biyar kawai da asuba, a tsaye in barci ya dame shi. In ya ɗauki hauya ya gaya wa Allah abin da ke ransa, ko da maganar bashi ce. Da dare ya tara ƙannensa su yi addu'a. Isra'ilawa shekara 40 suna tsintar manna kowace safiya, wanda ya ɓoye na gobe kuwa ya tarar da tsutsa (Fitowa 16).

Damina ta zagayo na gamu da shi a hanyar gona. Na ce, "Ɗana, ina labarin bangon nan?" Ya yi dariya, ya ce, "Baba, wata rana yana nan, wata rana babu. Amma ban fasa ba." Ya gyara hauyarsa a kafaɗa, ya ce zai yi sauri ya gama kunya biyu kafin hadarin gabas ya iso.