CIWON DA YA ƘI TAFIYA DA BANGASKIYAR KIRISTA



Akwai ciwon da yakan zo ya wuce kamar zazzaɓin damina. Akwai kuma wanda yakan shigo gida ya shimfiɗa tabarma ya zauna: amosanin gaɓɓai, ciwon bayan manomin da ya tsufa a kan garma, da ciwon sikila wanda yakan murɗe yaro tsakar dare har uwarsa ta rasa inda za ta riƙe shi. A kan irin wannan muke so mu yi tunani tare. Nauyinsa kuwa ya ƙaru, gama tun da aka cire tallafin man fetur a shekarar 2023, kuɗin mota zuwa asibiti da kuɗin magani suna kokawa da kuɗin hatsi a aljihu guda. Damuwa takan hana barci, rashin barci kuma yakan ƙara wa ciwo zafi.

Abin da ya fi damunmu shi ne maganar da masu ciwon nan suke ji daga bakin 'yan'uwansu Kirista. Wani ya ce zunubi ne, wani ya ce sammu ne, wani kuma ya ce da bangaskiyarka ta kai, da tuni ka warke. Sai mai ciwo ya koma gida da kaya biyu, ciwon jiki da zargin kai. Waɗansu har sukan watsar da maganin likita, su yi ta yawo daga wannan gidan addu'a zuwa wancan, su sayar da akuya, su jinginar da gona.

Wannan ba koyarwar Ikilisiya ba ce. A cikin Bishara ta hannun Yohanna, sura 9, almajirai sun nemi sanin wanda ya yi zunubin da ya sa aka haifi wani mutum makaho, Ubangijinmu kuwa ya kawar da laifi daga kan mutumin da iyayensa. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma a nan ne suka yi daidai. Da suka buɗe baki suna nema masa laifi, Allah ya yi fushi da su. Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa. Ba a cire ba, sai aka ba shi alherin ɗaukarta. Wa zai ce Bulus ƙaramin mai bangaskiya ne?

Mu dubi Waliyiya Bernadette. Ita ce yarinyar da Budurwa Maryamu ta bayyana gare ta a Lourdes, ƙasar Faransa, a shekarar 1858, da hannunta kuma ta tona maɓuɓɓugar da masu ciwo suke zuwa har yau. Amma ita kanta ba ta warke ba. Ta yi fama da asma tun tana ƙarama, daga baya tarin fuka ya shiga ƙashin gwiwarta, ta rasu a 1879 tana da shekara 35. Ranar idin Uwargijiyarmu ta Lourdes, wato 11 ga Fabrairu, ita ce Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya keɓe a 1992 domin addu'a ga marasa lafiya na duniya. Shi ne kuma ya koyar, cikin wasiƙarsa ta 1984 a kan ma'anar shan wuya, cewa mai ciwon da ya haɗa wahalarsa da gicciyen Kristi yana aiki ne domin dukan Ikilisiya, ko da yana kwance a ɗaki.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu ce ciwo abin so ba ne. A lambun Getsamani Yesu kansa ya roƙi Uba ya ɗauke masa ƙoƙon wahala. Saboda haka wanda ya yi kuka, ko ya tambayi Allah har yaushe, bai yi saɓo ba. Zabura cike take da irin wannan addu'a. Ku roƙi warkarwa, ku kuma sha magani yadda likita ya faɗa. Sikila gado ce daga uwa da uba, ba aikin maye ba. Idan dukansu biyu suna ɗauke da ƙwayarta, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa muke roƙon masu shirin aure su yi gwajin jini tun da wuri.

Saura mu masu lafiya. Siman Bakurane bai yi wa Yesu wa'azi a hanyar Kalfari ba, kafaɗa ya sa. Mukan cika ɗakin mai ciwo a makon farko, bayan wata uku kuwa sai ƙafa ta ɗauke, alhali a lokacin ne ya fi bukatarmu, shi da mai jinyarsa wadda ba wanda yake tambayar lafiyarta. Zumuntar Mata da matasa su raba ziyara a tsakaninsu: a ɗebo ruwa, a yi noma, a kai mutum asibiti.

Har yanzu da yawa cikinku kuna tsoron kiran Fada, kuna tsammani man shafewa na masu baƙin mutuwa ne kaɗai. Majalisar Vatican ta Biyu ta bayyana tun 1963 cewa ba haka ba ne. Wanda ciwo mai tsanani ko tsufa ya raunana yana iya karɓar Sakramentin Shafewar Marasa Lafiya, ya kuma sake karɓa idan ciwon ya tsananta. In akwai wanda ya daɗe bai iya zuwa Misa ba a gidanku ko a unguwarku, ku ba katekis sunansa bayan sujadar Lahadi, domin mu kai masa Jikin Kristi har gida.