HUƊUBA A KAN HAƘƘIN HANYA DA MAGUDANAN RUWA KAFIN FAƊUWAR DAMINA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Yake saukar da ruwa daga sama gwargwadon hikimarSa, Ya raya ƙasa da shi bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda sunka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku bayin Allah, ina yi muku wasiyya da ni kaina da tsoron Allah a ɓoye da bayyane.

Ƴan'uwa Musulmi, damina ta gabato. Manomi ya share gonarsa, makiyayi yana duban gabas, kowa na roƙon Allah Ya ba mu ruwa mai albarka. Amma akwai wani shiri da mutanen birni sunka saba mantawa da shi har sai hadari ya haɗo, shi ne gyaran hanyar da ruwan zai bi in ya sauka. A kan wannan nike son in yi mana tunatarwa yau, domin al'amari ne da ya shafi rayuka, kuma shari'a ba ta yi shiru a kansa ba.

Ba mu manta da daminar 2024 ba. A wannan shekara ruwa ya kashe mutum fiye da 300 a cikin ƙasar Nijar, kuma waɗanda ɓarnarsa ta shafa sun haura miliyan ɗaya. A nan birnin Maraɗi, ranar Juma'a 30 ga watan Agusta, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, mutum aƙalla 15 sunka rasu. Kwana huɗu bayan haka, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa na tun ƙarni na 19, ya rushe. Komawar yara lakwal, da anka shirya a farkon Oktoba, sai da anka ɗage ta zuwa 28 ga watan, domin iyalai da yawa sun fake cikin azuzuwa, wasu azuzuwan kuma sun faɗi. Kafin wannan, a 2020, kogi ya fasa madatsa a Yamai ya shiga unguwanni. Allah Ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, Ya mayar wa waɗanda sunka yi asara da mafi alheri.

To, in an yi maganar nan sai ka ji wani ya ce ai ƙaddara ce, ruwa na Allah ne, ba mai iya tare shi. Gaskiya ne, mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma mu dubi yadda sahabbai sunka fahimci ƙaddara. Lokacin da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.) ya nufi Sham ya ji labarin annoba ta ɓarke a can, sai ya yi shawara ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida (R.A.) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, Umar ya nuna masa cewa komawar ita ma ƙaddarar Allah ce. Kuma a zamanin halifancin wannan bawan Allah ne ambaliya ta shiga Masallacin Makka har ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa. Umar ya zo ya mayar da shi, sa'an nan ya sa anka gina madatsa ta duwatsu a saman garin don ta kare masallacin. Duk imaninsa da ƙaddara bai hana shi yin gini ba.

Mu ma muna da misali a gida. Dattawanmu sun san cewa tsohon garin Maraɗi a cikin fadama yake, gefen Gulbi. Da ruwa ya ci garin a 1945, sai anka tayar da shi zuwa kan tudu, anka yanka tituna masu faɗi. Kakanninmu sun bar gidajen da anka haife su a ciki don su tsirar da zuriyarsu. Yau kuma jikokinsu ne ke komawa suna gini cikin kwari da bakin tabki, suna cewa Allah Ya kiyaye.

Ya ku bayin Allah, ruwa ba ya manta hanyarsa. In an toshe masa ita, zai nemi wata, kuma wannan watan ita ce ɗakin maƙwabcinka. Bari mu faɗi abin da ke toshe ta, ko da zai yi ɗaci. Na ɗaya, shara. Magudanar da anka gina da kuɗin jama'a mun mai da ita juji: leda, da toka, da ragowar abinci, da mushen dabba. Tun 2014 akwai doka a ƙasar nan da ta hana kawo leda marar ƙwari da sayar da ita, amma ku dubi kwatocinmu ku ga abin da ya cika su. Na biyu, cin hanya. Wannan ya ƙaro dakali, wancan ya kafa rumfar shago bisa magudana ya rufe ta da siminti, wani ya zube yashi da tubalin gininsa a tsakiyar titi shekara guda. Na uku, kowa yana cike ƙofar gidansa da ƙasa don ya tura ruwa ga na ƙasa da shi, har ruwan ya taru a gidan wanda ya fi kowa rauni, galibi gwauruwa ko tsoho mai katangar laka.

Na taɓa yin sallar gawa a kan wani yaro da katanga ta faɗa wa da dare bayan ruwa. Da munka je gaisuwa, na ga da idona inda ruwan ya kwanta a gindin katangar, na ga kuma magudanar da ya kamata ta ɗauke shi cike da shara har baki. Kowa a wurin yana cewa Allah Ya ba da haƙuri, kuma a cikin masu faɗin haka akwai waɗanda sharar gidajensu ce a ciki. Ban ce sun yi nufin kisa ba. Amma ina jin tsoron tambayar da za a yi mana a kan yaron nan ranar da ba a ɓoye komi.

Ga abin da shari'a ta ce. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani. In kawar da shi imani ne, mai zuba shi fa, ina matsayinsa? A cikin wani hadisin na Muslim, Annabi (S.A.W.) ya tsoratar da mu game da yin bayan gida a hanyar mutane ko a inuwarsu, domin yana jawo wa mai yinsa tsinuwa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa in an yi jayayya a kan faɗin hanya, a bar mata kamu bakwai, wanda ke nuna cewa hanya tana da haƙƙin da ba mai mallakarsa shi kaɗai. Imamu Malik kuma ya kawo a cikin Muwaɗɗa hadisin da ya haramta cutar da wani, kuma a kansa malamanmu na Malikiyya sunka gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka. Daga ciki sun ce wanda ya haƙa rami a inda ba shi da izini, wani ya faɗa, shi ke da lamuni. Wanda katangarsa ta karkata, anka gargaɗe shi, ya samu halin gyarawa ya ƙi, ta faɗa wa wani, shi ma lamuni na kansa.

Ku tuna kuma misalin da Nu'umanu ɗan Bashir (R.A.) ya ruwaito, na mutanen da sunka shiga jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa, na ƙasa sunka so su huda rabonsu don su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na sama ba. In an ƙyale su, kowa ya nutse. In an riƙe hannunsu, kowa ya tsira. Unguwa jirgi ɗaya ce. Ba wanda zai ce ƙofar gidana ce, in yi abin da na ga dama.

Yanzu magana ta zo kan masu riƙe da hukumar gari. Tun zaɓen 2004 anka danƙa wa ƙananan hukumomi al'amuran da sunka fi kusa da talaka, kamar tsabtar gari, da kasuwanni, da titunan cikin unguwanni, da yankan filaye. A watan Afrilu na 2024 an rushe majalisun da anka zaɓa, anka naɗa masu riƙo a madadinsu. Ko mutum zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, amanar da ke wuyansa ɗaya ce, domin Annabi (S.A.W.) ya sanar da mu cewa kowane shugaba makiyayi ne, kuma za a tambaye shi a kan abin kiwonsa. Muna yi musu nasiha da girmamawa: yashe magudanan ruwa aikin rani ne, ba a bari sai ruwa ya zo. Sharar da anka fitar daga kwata, in an bar ta a bakinta, ruwan farko zai mai da ita ciki. In an hana mutane zuba shara a magudana, to a nuna musu inda za su zuba, a kuma riƙa kwashewa. Mafi girma duka, kada a sa hannu a takardar fili a wurin da kowa ya san hanyar ruwa ce. Wanda ya sayar wa talaka fili cikin kwari, ya sayar masa da kabarin ƴaƴansa.

Ma'aikaci kuma ya ji tsoron abin da ake kira goro. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda anka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta ce anka yi masa. Annabi (S.A.W.) ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da mutumin ya zauna gidan iyayensa ba wanda zai kawo masa komi. Duk abin da ma'aikaci ya karɓa don ya kau da kai daga gini bisa magudana, haram ne, mai bayarwa da mai karɓa duka suna cikin zunubi.

Mu talakawa kuma kada mu ɗora komi a kan ma'aikatar magajin gari mu wanke hannunmu. Motar kwasar shara tana shan mai, leburan yashe kwata suna da iyali. Wanda ke gudun biyan lanho da tikitin kasuwa, sa'an nan ya zauna yana zagin hukuma a majalisa, bai yi adalci ba. Ka biya, ka karɓi takardar shaida, sa'an nan kana da bakin tambayar inda kuɗin sunka shiga. Tambayar kuwa haƙƙinka ce, ka yi ta da ladabi, ta hannun mai unguwa ko a zaman da hukuma ke kira.

Ina faɗin wannan magana, ina neman gafarar Allah gare ni da ku. Ku nemi gafararSa, lalle Shi Mai gafara ne Mai jin ƙai.

HUƊUBA TA BIYU

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ƴan'uwa, wa'azin da ba a bi shi da aiki ba hujja ne a kan mai yi da mai ji. Don haka ga abin da nike roƙon kowane masallaci ya yi kafin ruwan farko.

Liman da kwamitin masallaci su je wurin mai unguwa a tsai da ranar gayya. Samari su fito da shebur, masu amalanke su ba da aron amalankensu, attajirai su ɗauki nauyin abinci da ruwan sha, a kuma sanar da ma'aikatar magajin gari tun da wuri don ta turo motar kwashewa. Kowane mai gida ya duba katangarsa da rufinsa da indararonsa, ya yi yaɓe inda ya tsage, ya duba ramin salgarsa kada ya cika ya haɗu da ruwan titi. Mun ga abin da cutar amai da gudawa ta yi a jihar Maraɗi a 2018 da 2021, kuma ƙazantar ruwa ce hanyarta. A lissafa gidajen marayu da gwauraye da tsofaffi na unguwa, a gyara musu a cikin gayyar. Wanda ya san rumfarsa ko dakalinsa na bisa magudana, ya cire da hannunsa don Allah, tun ba a zo an cire masa ba.

In ruwa ya yi ƙarfi da dare, kada a bar yara barci a gindin katangar laka da ta jiƙe. A hana su wanka a tabki da kududdufi, a hana su taɓa turken lantarki ko wayar da ta faɗo. Direba da mai babur kada su yi gardama da korama in ta kawo. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, kowa ya haddace ta ya koya wa iyalinsa. A kwana cikin gidan sauro, kuma in ma'aikatan lafiya sunka zo da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na ƙananan yara, a buɗe musu ƙofa.

Ya Allah, Ka shayar da mu ruwa mai amfani, ba mai rushewa ba, ba mai nutsarwa ba. Ya Allah, Ka sanya shi a gonakinmu da makiyayarmu da rijiyoyinmu. Ya Allah, Ka shiryi shugabanninmu, na gari da na ƙasa, Ka ba su mashawarta na gari, Ka sa tausayin talakawa a zukatansu. Ka jiƙan mamatanmu, Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka zaunar da ƙasarmu Nijar da sauran ƙasashen Musulmi lafiya. Amin.

Ku tashi ku yi salla, Allah Ya yi muku rahama.